Kafur da Shawarar Jarirai: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai

 

An ce in ɗan tuna mana da darasin kimiyya. To, zan yi magana ne a kan wani sinadari da ke cikin jikinmu mai suna NADP, wanda Bajamushen nan Otto Warburg da abokan aikinsa suka gano a shekarun 1930. Jiki yana haɗa shi ne daga bitamin B3, wanda ake samu a gyaɗa da nama da kifi.

Aikinsa kamar na ɗan ga-ruwa ne. Yakan je da garwa ba komai, ya ɗebo haidirojin daga sukarin da muka ci, sai ya zama NADPH. Ya kai wannan kaya ya juye wa wani sinadari mai suna gulutatayon, wanda shi ne ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga abubuwa masu cin su kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Daga nan ya sake komawa ɗiba.

Mai cika masa garwar kuwa shi ne wani sinadari, G6PD. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da wata rijiya sai wannan. Akwai mutanen da ake haifa da ƙarancin G6PD, kimanin miliyan 400 a duniya. Abin ya yi yawa a Afirka, har da nan Nijeriya, kuma ya fi bayyana ga maza domin ta wajen uwa ɗa namiji yake gadonsa. A 1956 aka gano shi, wajen binciken dalilin da ya sa maganin zazzaɓi Primaquine ke fasa jinin wasu.

Ga inda abin ya shafi gidajenmu. Farin kafur ɗin nan da ake jefawa cikin akwatin tufafi yana iya fasa jinin jariri mai wannan lalura, haka ma lalle. Sai shawara mai tsanani ta kama shi, wadda in an yi jinkiri takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko nakasa.

Saboda haka, jama'a, mu raba kayan jarirai da kafur. In idon jariri ya yi ɗorawa, a garzaya asibiti ran nan, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Mu da muka yi karatu, alhakin sanar da iyalanmu da maƙwabta yana wuyanmu.