In Ƙwallo Ta Koma Ƙwai: Gyaran Faɗi da Tsayin Hoto a Wasannin Emuleta

Shugaban taro, iyayenmu da malamanmu da suka ajiye harkokinsu suka zo, 'yan'uwana masu gyaran waya da masu gidajen gem na Batsari da Ruma da Wagini, da waɗanda suka taso daga Safana da Runka, ina yi muku barka da zuwa.

Na san a cikin iyayenmu akwai mai cewa a ransa: mutanen da ke zaune a bakin dajin Rugu, da irin rashin tsaron da suke fama da shi, me ya kai su zancen wasan yara? Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, Batsari da Safana na ciki, aka kwashe watanni babu kira babu intanet. Abin da ya ci gaba da aiki a waya shi ne abin da ke ajiye a cikinta: karatu, wa'azi, finafinai, da wasannin da ake tura wa juna ta manhajar Xender. Yaron da wasansa ya ƙi tafiya daidai a lokacin ba shi da inda zai tambaya, dole ya zauna ya bi saiti ɗaya bayan ɗaya har ya gano bakin zaren. Wannan bin diddigi shi ne tushen sana'ar gyara, ta waya ce ko ta sola ko ta injin ban-ruwa. Shi ya sa na ɗauki matsala guda, ƙarama a ido, mu bi ta tare har ƙarshe.

Emuleta manhaja ce da ke sa waya ko kwamfuta ta kwaikwayi wata na'urar wasa, har wasan ya ɗauka a kan na'urarsa ta asali yake. Wadda aka fi sani a nan ita ce PPSSPP, wadda Henrik Rydgård, mutumin Suwidin, ya fitar a 2012 don wasannin PSP. Akwai PCSX2 ta kwamfuta mai ɗaukar wasannin PlayStation 2, akwai AetherSX2 ta wayar Android wadda mai ita ya daina aiki a kanta a farkon 2023, akwai DuckStation ta PlayStation ta farko, da Dolphin ta GameCube da Wii. Ƙorafin da ake kawo muku a kansu kusan iri ɗaya ne: 'yan wasa sun yi gajarta sun yi ƙiba, ko sun rame sun yi tsawo, ko baƙi ya cinye gefe biyu, ko an yanke wurin da ake rubuta ci da lokaci. Mai waya zai ce sikirin ne ya lalace, ko fayil ɗin ne ba shi da kyau. Galibi babu abin da ya lalace, lissafi ne bai haɗu ba.

Kowane hoto yana da ma'auni tsakanin faɗinsa da tsayinsa. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya tana kan 4:3, wato in faɗi ya yi taku 4, tsayi zai yi 3. Ta gaji wannan ne daga fim ɗin majigi da William Dickson ya tsara a ma'aikatar Edison a Amurka a shekarun 1890. Filasmar da ke rataye a shagunanku tana kan 16:9, ma'aunin da injiniya Kerns Powers ya ba da shawararsa a shekarun 1980. Wayoyin Tecno da Infinix da itel na yanzu kuwa sun fi haka tsawo, da yawansu suna kan 20:9. PlayStation 2 ta fito a 2000, lokacin da kusan kowane gida 4:3 ke gare shi, don haka akasarin wasanninta da wannan ma'auni aka zana su. PSP ta fito a ƙarshen 2004 da allo mai ɗigo 480 a faɗi, 272 a tsayi, dab da 16:9.

To mu yi lissafin da alli. Ɗauki waya mai ɗigo 1600 a faɗi, 720 a tsayi in an kwantar da ita. Hoton 4:3 mai tsayin 720, faɗinsa 960 ne. In ka cire daga 1600 saura 640, wato baƙi 320 a dama, 320 a hagu. Wannan baƙin ba ciwo ba ne, shaida ce cewa hoton yana nan yadda aka zana shi. In ka matsa wa emuleta ta cika allon, ta ja 960 ya koma 1600, ka ƙara wa kowane abu kashi biyu cikin uku na faɗinsa ba tare da tsayi ya motsa ba. A filasma mai 1920 da 1080, hoton 4:3 faɗinsa 1440 ne, baƙi 240 kowane gefe, jan sa kuma ƙarin kashi ɗaya cikin uku ne. Ko wasan PSP, da ake ganin mai faɗi ne, in aka cika shi a wayar 20:9 sai ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Wani zai ce ai ido yana sabawa. Yana sabawa, amma wasan ya riga ya canza. Fas ɗin da aka buga a karkace daidai kan digiri 45, in an ja hoton da kashi ɗaya cikin uku, zai bayyana wajen digiri 37. Gudun dama da hagu zai yi kamar ya fi na sama da ƙasa sauri. Yaron da ya koyi buga wasan ƙwallo na PES a hoton da aka ja, ranar da ya zauna gasa a gaban allon da aka saita daidai, hannunsa da idonsa za su ɗan saɓa, kuma ba zai san dalili ba.

Kafin ka taɓa kowane saiti, tabbatar da cutar. Nemo abin da ka san zagayayye ne. Ƙwallon kanta ta fi komai, domin ta kowace kusurwa aka kalle ta da'ira ce. Alamar da'ira ta maɓallin PlayStation da ke fitowa a ƙasan allo ita ma tana yi. Kada ka auna da da'irar tsakiyar fili, domin daga gefe kyamara take kallonta, dole ta fito a kwance ko da komai lafiya lau. Tsayar da wasan, ɗauki hoton allo, sa rula ka auna faɗi da tsayi. In faɗi ya fi, an ja hoton. In tsayi ya fi, an matse shi.

Yanzu ga abin da na fi so ku tafi da shi. Wurare uku ne ke da ta cewa a kan wannan ma'auni: wasan kansa, emuleta, da allon da ake kallo. Mafi yawan rikici daga nan yake tasowa, inda biyu suka yi gyara ɗaya a lokaci guda, ko ɗaya ya yi rabin aiki yana jiran ɗayan ya ƙarasa.

Misali mafi bayyana yana cikin PlayStation 2. Wasanni irin su God of War na 2005 da Grand Theft Auto: San Andreas na 2004 suna da zaɓin allo mai faɗi a cikinsu. In ka kunna shi, na'urar ba ta ƙara ɗigo ko ɗaya. Abin da take yi shi ne ta matse hoto mai faɗi cikin gurbin da ta saba, da tsammanin talabijin za ta buɗe shi. Saboda haka in wasan yana kan 16:9 emuleta tana kan 4:3, mutane za su fito sirara dogaye. In wasan yana kan 4:3 emuleta tana kan 16:9, za su fito gajeru masu ƙiba. Dole su biyun su faɗi magana ɗaya. Akwai ma wasannin da ba su da wannan zaɓi a cikinsu, sai dai su karanta shi daga babban saitin na'urar, inda aka jera 4:3 da Full da 16:9. Mai gyaran da bai leƙa can ba zai iya wuni yana juya emuleta a banza.

Tsarin aikin da nake ba da shawara shi ne a fara daga waje a shigo ciki. Ɗauki rimot ka mayar da talabijin yanayin da ba ta ja kuma ba ta yanka. LG na kiransa Just Scan, Samsung na kiransa Screen Fit, ƙananan kamfanoni kuma kowa da sunan da ya ba shi. Wannan kaɗai yakan dawo da ci da lokacin da suka ɓace a gefe, domin talabijin da yawa har yau suna ɗan zuƙo hoto su yanke bakinsa, al'adar da suka gada daga tsofaffin akwatuna. In akwai ƙaramar na'urar da ke juya wayoyin nan uku, ja da fari da rawaya, zuwa HDMI, ka sa mata ido, domin da yawa daga masu araha suna jan hoto zuwa 16:9 ba tare da sun tambayi kowa ba. Daga nan ka shiga emuleta ka kashe Stretch, wato saitin ja, ka bar ta a kan ma'aunin asali. Sai a ƙarshe ka shiga saitin wasan. Abu ɗaya za ka canza, ka duba ƙwallo, sannan ka matsa gaba. Wanda ya canza uku a tare, ko ya dace ba zai san wanne ne ya yi maganin ba, gobe kuma sai ya sake lalube.

Akwai wani tarko da ke kama har waɗanda suka iya lissafi. Ɗigon tsofaffin na'urori ba murabba'i ba ne. Super Nintendo tana fitar da 256 da 224, wanda in ka raba zai ba ka 8:7, amma tsohuwar talabijin tana shimfiɗa shi ya kusanci 4:3. Wasannin PlayStation 2 da yawa suna fitar da 512 da 448, su ma a 4:3 ake nufin a gan su. Allon waya da na kwamfuta ɗigonsu murabba'i ne, don haka in emuleta ta ɗora ɗigo kan ɗigo yadda suke, hoton zai ɗan tsuke. A nan ɗan jan da emuleta ke yi gyara ne, ba ɓarna ba. Sai dai masu zanen wancan zamani ba duka suka yi la'akari da wannan ba, shi ya sa a wasu wasannin Super Nintendo da'ira ta fi zagaye a 8:7. Ni dai ina bin abin da talabijin ta lokacin ta nuna, amma ban ga laifin wanda ya auna ya zaɓi ɗayan ba, muddin aunawa ya yi.

Sai batun tsarin talabijin na PAL da NTSC. Najeriya tsarin PAL ta bi kamar Ingila, mai layi 576 da bugu 50 a daƙiƙa, Amurka da Japan kuma NTSC, mai layi 480 da bugu 60. Kamfanoni da yawa sun kawo wasanninsu Turai ba tare da sun sake tsara su ba, sai hoton ya fito a danne da baƙi sama da ƙasa, gudunsa kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Wannan baƙin a cikin fayil ɗin yake, babu saitin ma'aunin da zai cire shi sai dai yanka. In ka ga haka, duba ko wasan yana ba da zaɓin 60 a farkon buɗewa, ko ka nemi bugun Amurka.

Na san matsalarku ta gaskiya, masu gidajen gem, ba ta lissafi ba ce. Yaro ya biya kuɗinsa, ya ga baƙi a gefe, sai ya ce an rage masa talabijin, ya koma shagon maƙwabci inda hoto ya cika. Hanya mai kyau tana nan. PCSX2 tana da faci na allo mai faɗi ga wasanni masu yawa, kuma aikinsa daban yake da ja: yana buɗa idon kyamarar wasan ne, a ga ƙarin fili dama da hagu, mutane kuma su zauna da siffarsu. Yana da nasa aibi, ku san shi tun kafin kwastoma ya nuna muku. Rubutu da taswira sukan fito a jaye tunda zane ne shimfiɗaɗɗe, bidiyon da ke tsakanin matakai ma haka, wani lokaci kuma a ga abu ya ɓullo kwatsam a gefe, domin masu wasan ba su zaci za a ga wurin ba. Ga wasan ƙwallo da na tsere, ribar ta fi aibin. Ga wasan da zane ne zalla, irin na Sega da Nintendo na da, a bar shi da baƙinsa, ko a sa hoton ado a gefen, wanda manhajar RetroArch ke ba da dama. Kuma duk wasan da ka daidaita, ajiye masa saitinsa shi kaɗai. PPSSPP da PCSX2 duk suna da wannan, kuma shi ke hana gyaran wasa ɗaya ya ɓata goma.

Roƙona na ƙarshe ga malaman lissafi na ƙananan sakandare da ke zaune a nan. Darasin rabo da ma'auni yana cikin manhajarku, yara kuma sukan ɗauke shi abin hadda. Ku shigo aji da waya ɗaya da rula, ku rubuta 1600 da 720 a allo, ku ce su nemo faɗin hoton 4:3 da yawan baƙin da zai rage a kowane gefe, sannan ku kunna wasan su auna da hannunsu su ga ko 320 ɗin ta fito. Masu gidajen gem kuma, in malami ya aiko neman aron hannun wasa ko filasma na awa ɗaya, ku ba shi.

Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.