KAMA: Layin Da Aka Sayar Wa Ƙanena Alhali Kyauta Ne

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Makon jiya wani ƙanena na unguwa ya tare ni bayan Magariba, idonsa jawur. Kuɗin rajistar makarantarsa ya zuba a kirifto, bayan ya sayi wani "indiketa na sirri" a wani gurup na Telegram. An ce masa layin nan ba ya kuskure, in ya yi sama ka saya, in ya yi ƙasa ka sayar. Kwana tara kuɗin suka yi. Da na karɓi wayar na duba, wallahi dariyar takaici na yi. Abin da aka sayar masa sunansa KAMA. Kyauta ake samunsa a TradingView, yana cikin MetaTrader 5 da sunan AMA, kuma wani Ba'amurke, Perry Kaufman, ya bayyana lissafinsa a littafinsa Smarter Trading tun 1995.

To yau bari mu kwance shi, domin gobe kada wani ya sake sayar mana da ruwa a bakin rijiya.

Mu fara da matsakaici mai tafiya, wanda 'yan tiredin ke kira mubin abareji. A ce kullum kana rubuta farashin buhun masara a Dawanau. Ka tara na kwana 10, ka raba da 10. Gobe ka jefar da ranar farko, ka saka sabuwa, ka sake rabawa. In ka haɗa waɗannan amsoshin, sai su ba ka layin da ke nuna inda farashi ya dosa.

Matsalarsa ita ce, in ka ɗauki kwanaki kaɗan, layin ya cika rawar kai, ko tari kasuwa ta yi sai ya ce maka saya ko sayar. In ka ɗauki kwanaki da yawa kuma, ya cika nawa, kafin ya farga an ci kasuwa an watse. Sai Kaufman ya ce, me zai hana a yi layin da zai riƙa sauya taku da kansa?

Ga dabarar. Kafin layin ya motsa, sai ya auna ko farashi tafiya yake yi ko yawo. Ka ɗauki mutum biyu a cikin Kasuwar Kurmi. Ɗaya ya miƙe sambal ya fita. Ɗayan ya shiga wannan lungu ya fito, ya koma wancan, ya haɗa gumi, amma bai yi nisa da inda ya tashi ba. Dukansu sun yi taku, amma ɗaya ne ya je wani wuri.

A lissafi, ana duba nisan da farashi ya yi tsakanin yau da kwana 10 baya, a raba shi da jimillar duk hawa da saukar da ya yi a tsakani. Misali, daga 100 ya kai 110, kullum yana ƙara 1. Nisa 10, taku 10, amsa 1, wato tafiya sambal. Amma in ya yi ta hawa da sauka har jimillar motsinsa ta kai 50, ƙarshe ya tsaya a 105, to 5 ne a raba da 50, amsa 0.1. Wannan yawo ne.

Da wannan amsar layin ke zaɓar saurinsa. Shi ya sa za ku ga 10, 2, 30 a saitinsa: 10 kwanakin awo, 2 iyakar sauri, 30 iyakar nawa. In amsar ta zama 1, layin yana cinye kusan kashi 44 cikin 100 na tazarar da ke tsakaninsa da farashi a taku ɗaya. In 0.1 ce, abin da yake ci bai kai kashi 2 ba, sai ka gan shi ya kwanta. Kwanciyar nan ita ce babban amfaninsa, yana ce maka kasuwa ba ta da alƙibla, ka riƙe kuɗinka.

Amma ku saurare ni da kyau a nan. Duk lambar da ke cikin lissafin nan farashin da ya riga ya wuce ne. KAMA bai san gobe ba. Bai san za a fitar da labari da tsakar dare farashi ya rikito ba. Bayan doguwar kwanciya ma yakan makara kafin ya tashi. Sunansa dai ya yi kama da Hausa, amma ba ya kama wa kowa kuɗi.

A 2018 hukumar ESMA mai sa ido kan kasuwannin hannun jari a Tarayyar Turai ta ce kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusun ƙananan 'yan tiredin ɗin CFD asara suke yi. Su ma fa suna da waɗannan layukan a wayoyinsu.

Saboda haka in har za ka shiga, fara da asusun gwaji na wasu watanni, kana rubuta kowace shiga da fita a littafi. Ka sa iyakar asararka kafin ka danna saya. Kuɗin makaranta, kuɗin haya, jarin Mama, bashi, babu ɗaya da ya kamata ya leƙa wurin nan. Wanda kuma ya ce yana da layin da ba ya kuskure, ka tambaye shi me ya sa yake neman 'yan kuɗinka.

Ƙanen nawa yanzu muna ta buga-bugar yadda zai yi rajista kafin a rufe. Ku tura wa abokinku da kuka san yana cikin irin gurup ɗin nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.