Gobarau Ta Tsaya, Ina Labarin Kufayenmu?



Yawancinmu mun sha wucewa ta gindin Hasumiyar Gobarau a birnin Katsina, amma ƙalilan ne suka tsaya suka yi tunanin yadda ginin ƙasa ya kai waɗannan shekaru. Ruwayoyi sun danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, da kuma zuwan Shehu Magili Katsina a wajajen 1493. Tsayinta kimanin mita 15 ne. An yi salla a masallacinta, an yi karatu, an kuma hau ta don hango mahara tun daga nesa. Tubali ne da laka da azara, kuma kowace damina sai ta ci rabonta a jikin bangon. Abin da ya tsayar da ita shi ne hannun magina, musamman babban gyaran da aka yi mata a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944.

A garin Jenne na ƙasar Mali an mai da wannan aiki biki. Duk shekara gari kan fito gayya don yaɓe babban masallaci: yara na kwaɓa laka, mata na ɗebo ruwa, samari na hawa kan itatuwan da aka kafa a jikin bango. Hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, amma ta iske gayyar ce tana gudana tun kaka da kakanni.

To, mu dawo gida. Hakimin Ƙanƙara Sarkin Pauwa ake kiransa, amma yaranmu nawa ne da aka haifa a birni za su iya faɗin abin da Pauwa take? A ƙasar Faskari akwai Birnin Kogo. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina na 1981, ya nuna cewa garuruwan kudancin Katsina suna da nauyi a tarihin masarautar. Sauran ganuwa, tsofaffin rijiyoyi, marina da suka cike da ƙasa, da maƙabartun da garma ke ci kaɗan-kaɗan, duk suna nan, sai dai babu mai yi musu gayya.

Shekarun rashin tsaro sun ƙara tsananta lamarin. Ba mu manta da ɗauke ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020 ba, haka nan harin da aka kai Yargoje a Yuni 2024. Dattawa da yawa sun yi ƙaura, wasu suna zaune a ɗakunan baƙi na gidajenmu a birane. Su ne suka san inda ƙofar gari take, da wanda ya haƙa rijiya kaza. Muna ciyar da su, muna kai su asibiti, amma abin mamaki ba mu tambayarsu komai.

Saboda haka muke roƙon wannan taro abu biyu. Duk mai tsoho a gida ya zauna da shi, ya ɗauki muryarsa a waya, ya miƙa wa sakatare kafin taron baɗi. Sannan a kafa kwamiti da zai zauna da dagatai, ya rubuta sunayen kufayen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da inda kowanne yake, a kai wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina. Kuɗin mota da na takarda kuwa, a fitar da su daga gudummawar yau.