Haƙƙin Ma'aikaci da Amanar Mai Bayarwa: Jawabin Sakataren Gidauniya kan Biyan Albashi

  



Shugabannin gidauniya sun ɗora mana yin bayani a wannan zama na Malikanci a kan sashen rahoton da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato albashin ma'aikata. Mai bayarwa yakan so ya ji marayu nawa aka tufatar, gidaje nawa aka kai wa hatsi. Amma akwai tambayar da ake yi a zaure, ake jin nauyin yin ta a taro: daga cikin abin da muka bayar, nawa ne yake tafiya ga masu aikin? Tambaya ce halattacciya, kuma domin mu iya amsa ta da hujja ne muka mayar da biyan albashi cikin manhajar lissafi ta kwamfuta.

Asalin al'amarin yana cikin shari'a. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙidaya kashi takwas na waɗanda ake ba wa zakka, na uku a cikinsu su ne masu aiki a kanta. A mazhabarmu ta Malikiyya, ana ba wa ma'aikacin zakka gwargwadon aikinsa ko da mawadaci ne, domin ladan aiki ne yake karɓa. Imamu Shafi'i kuwa ya taƙaita rabonsu a kan kashi ɗaya cikin takwas. Masu sharhin Mukhtasar na Shaihu Halilu sun sanya mai karɓa da mai rabawa da mai rubutawa cikin wannan kashi, suka fitar da mai gadi da makiyayi. Saboda haka ba duk wanda yake aiki da gidauniya ne za a biya daga zakka ba. Mai gadin rumbunmu, da malamar Islamiyya, da mai share masallaci, ana biyan su ne daga amfanin wakafi bisa sharaɗin wanda ya yi shi, ko daga sadakar gama-gari. Idan ɗayansu mabuƙaci ne, yana iya samun zakka da sunan buƙatarsa, amma ba za a lissafa ta a matsayin albashinsa ba.

Wannan rarrabewa ita ce aikin farko da manhajar take yi mana. Mun buɗe asusu uku a cikinta: na zakka, na wakafi, da na sadaka. Kowane ma'aikaci an rubuta sunansa, da aikinsa, da ranar da ya kama aiki, da lambar asusunsa na banki, da asusun da ake biyan sa daga ciki. Wanda yake aiki biyu, kamar mai karɓar zakka a kaka wanda kuma yake kula da shagunan wakafi, ana raba albashinsa tsakanin asusun biyu gwargwadon aikin. A ƙarshen shekara, mai binciken kuɗi zai ga adadin da amilai suka ci daga zakka, ya auna shi da abin da aka tara.

Aiki na biyu ya shafi yanayin ƙasarmu. Zakkar wannan yanki tana zuwa ne da lokacinta: masara da dawa a kaka, kuɗi kuwa galibi a watan azumi. Rake da tumatir da aka san Makarfi da Hunkuyi da Ikara da su, a mazhabarmu ba a fitar da zakka daga ainihinsu, sai daga kuɗin da aka sayar idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu. Shi kuwa albashi ba ya jiran kaka, duk wata yana nan. Manhajar tana nuna mana tun farkon shekara jimillar albashin wata goma sha biyu, sai a ware shi tun kuɗin suna hannu, kada a wayi gari tsakiyar damina ana ba ma'aikaci haƙuri. Hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito game da gaggauta biyan ɗan ƙwadago sananne ne gare ku. Haka nan, idan an ba mai aiki buhun hatsi a matsayin wani ɓangare na ladansa, ana yi masa ƙima da farashin kasuwar ranar, a shigar da shi.

Aiki na uku shi ne takardar albashi. Bari mu buga misali, ba da albashin wani mutum na haƙiƙa ba. A ɗauka ma'aikaci yana karɓar Naira 80,000 a wata, kuma duka ana lissafa fansho a kansu. Dokar fansho ta 2014, wadda ta ambaci ma'aikatu masu mutum 15 zuwa sama, ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, wato 6,400, mai aikin kuma ya ƙara kashi 10, wato 8,000. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, Naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu, matakin da ya biyo baya kuma kashi 15 ne. Bayan cire fansho, abin da ya rage masa a shekara 883,200 ne, harajinsa 12,480, wato 1,040 a wata, idan ba shi da wani rangwame. Zai tafi gida da 72,560. Gidauniya kuwa za ta kashe 88,800, idan aka haɗa da kashi 1 na asusun diyyar ma'aikata da dokar 2010 ta tanada. Duk wannan yana bayyana a takarda guda da ake miƙa masa ko a tura ta wayarsa. Idan ya ci bashin gidauniya, takardar tana nuna abin da aka cire da abin da ya saura, babu ƙarin ko sisi.

Ku lura cewa kuɗin da aka cire ba namu ba ne, ajiya ce. Na fansho doka ta ce a tura shi cikin kwanakin aiki bakwai daga ranar biya, haraji kuma ya isa hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kaduna zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Ma'aikacin da yake gudun kuɗin ruwa yana iya neman a mayar da fanshonsa asusu na shida, wanda hukumar PenCom ta buɗe a 2021, ana juya shi bisa ƙa'idojin shari'a.

Rubuta sunayen masu karɓa ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ya kafa diwani, inda aka rubuta mutane da abin da kowa yake samu daga baitulmali. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma albashin da lokacinsa ya yi bashi ne a wuyan mai aiki.

Sai dai manhaja ba ta da tsoron Allah, abin da aka zuba mata shi take fitarwa. Gwamnatin Tarayya ta shigo da tsarin IPPIS tun 2007 domin kawar da ma'aikatan bogi, amma ba a daina jin labarinsu ba. Don haka muka raba aikin hannu uku: akanta yana shiryawa, sakatare yana duba jadawalin da takardun halarta, shugaba da ma'aji suna sa hannu kafin banki ya biya. Wanda ya shirya ba shi da ikon amincewa, kuma kowa yana da kalmar sirrinsa. Ba a ƙara suna ko albashi sai da rubutaccen ƙudurin kwamiti. Ana ajiye kwafin bayanan a wuri na biyu, da bugagge a fayil, saboda halin wuta da na intanet. Albashin mutum sirrinsa ne, shi ya sa rahoton ya kawo jimilla ba tare da sunaye ba. Sannan mun hana ma'aikata karɓar kyauta daga masu zakka ko masu neman taimako, bisa ƙissar Ibnul Lutbiyya da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ƙi amincewa da kyautar da aka ba shi a bakin aikin zakka.

Roƙonmu ga kwamitocin masallatai, daga Paki da Saulawa har Gubuci da Likoro, guda uku ne. Ku aiko da takardar halarta kafin ranar 20 ga wata. Ku sanar da mu a rubuce idan wani ya rasu ko ya bar aiki. Ku ba limami da ladani da mai gadi takardar sharuɗɗan aiki, wadda dokar ƙwadago ta ce a bayar cikin wata uku. Kwamitin da ba shi da kwamfuta ya riƙe littafi mai waɗannan layuka, ofishinmu zai nuna masa yadda ake cika shi.

Ga masu hali kuwa, muna tunatarwa cewa shago ɗaya ko gona ɗaya da aka yi wakafi domin albashin malaman Islamiyya tana raya makaranta tsawon shekaru, kuma tana barin zakka ga masu ita. Duk mai bayarwa da yake son ganin jimillar albashi da asusun da ta fito, ƙofar ofis a buɗe take.

Allah Ya karɓa daga gare ku, Ya sanya albarka a dukiyoyinku da gonakinku, Ya ba mu ikon sauke amanar da kuka ɗora mana.