Hakiya, Yana da Ran Dashen Ido



Mu mutanen Gobir, daga Sabon Birni har Isa, mun daɗe da sanin bambancin hakiya da yana. Hakiya tabo ce a kan fatar nan garai-garai da ke rufe da baƙin ido, wadda likitoci ke kira koniya. Ƙyanda takan bar ta, haka ma tsiran karan gero a gona. Yana kuwa can ciki take, inda madubin ido ke dushewa da tsufa. Idan hakiya ta yi tsanani, maganinta dashe ne, wato a ɗauko koniyar mamaci a ɗinka wa mai rai, aikin da Eduard Zirm ya fara cin nasararsa a 1905. To, yaya za ta kasance in wanda aka yi wa dashe ya zo ya kamu da yana?

Wannan ba abin mamaki ba ne, domin maganin ɗigawar da ake ba shi don kada jiki ya ƙi baƙuwar fatar, shi kansa yana gaggauta zuwan yana.

A bayan koniya akwai wasu 'yan ƙwayoyi jere, aikinsu kwashe ruwa dare da rana don fatar ta zauna garau. Baligi yana da wajen 2,500 a kowace murabba'in milimita, kuma wadda ta mutu ba a haifar madadinta. Koniyar dashe tana asarar su da sauri. Wani bincike a Amurka ya nuna wajen kashi 70 cikin 100 sukan tafi cikin shekara 5. Aikin yana kuwa, kome gwanintar likita, sai ya ƙara ɗebe wasu. Da sun ragu zuwa wajen 500, sai fatar ta kumbura ta yi fari fat, dashe ya mutu. Rumbu ne da ake ɗiba ba a zubawa.

Saboda haka wani lokaci likita yakan haɗa aikin biyu rana guda. In kuwa yanar daga baya ta zo, ba a barinta ta ƙosa, gama tauraruwar yana ba ta fita sai da ƙarfi, ƙarfin nan kuwa a kan ƙwayoyin yake ƙarewa.

A nan ne abin ya shafe mu. A ƙauyukanmu akan ce a jira yana ta nuna, sa'an nan a kai wa masu bin kasuwanni su tura ta ciki da allura. Binciken makanta na ƙasa, na 2005 zuwa 2007, ya gano fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa don yana ta haka aka yi su, kusan uku cikin huɗu kuma aka same su a makance. Idon da ba dashe ke nan, balle mai ɗinki.

Asibitin Ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna nesa suke da mu, ga kuɗin mota, ga 'yan bindiga da suka addabi hanyoyinmu. Amma mu da muka yi boko, mu ake ba takardar asibiti mu karanta. In tsoho zai je aikin yana, mu raka shi, mu faɗa wa likita shekarar da aka yi dashen, mu kuma roƙa a duba ƙwayoyin nan kafin a sa wuƙa.