Jawabi bisa lafiyar ɗiyanmu masu aikin biro

Iyayena dattawa, yayyena da ƙannena da kunka taso daga Yamai, Tawa da Maraɗi, sannunku da hanya. An ce in yi magana bisa lafiyar ɗiyanmu masu aikin biro. Ni mushen lekol ne, don haka abin da kowa ka iya yi da kansa shi zan faɗi.

Dukanmu da hauya munka tashi. Manomin albasa na Galmi ko na fadamar Ƙonni shina cin tuwo mai nauyi, gumi ya fid da shi kafin azahar. Ɗansa kuwa shina cin tuwon nan dai, ya hau moto zuwa biro, ya zauna bisa kujera har la'asar, ga shayi kofi uku da sukari, ga tsire da dare. Tumbi ya fito, a gari a ce ya samu. Sau da yawa hawan jini ne da ciwon sukari ke tafe, kuma hawan jini ba ya sallama. Mutum shina jin garau har ranar da rabin jiki ya mutu.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen magi yawancinsa gishiri ne. Ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Tafiyar rabin awa ce, kwana biyar. Wanda gidansa ke kusa, ya aje moto ya taka. Ba zubar da girma ba ne. A je asibiti a auna tansiyo, awon ba ya cin minti biyar. In ta kai 14 bisa 9 kuma ta zauna nan, a ga likita. Watan Afrilu da Mayu, a aje tulu kusa da tebur. Masu aiki gidan siminti na Malbaza, kada zafi ya sa ku cire abin rufe hanci, ƙurar nan huhu take nufa.

Sai maganar hali. Tsoho ya biya mota daga Badagishiri zuwa Illela don takardar haihuwar jikansa, wadda in babu ita yaro ba ya zaman BEPC. Ya kwana tasha, ya yi layi, sai wani yaro sa'an jikan nasa ya ce masa da Faransanci ya koma gobe. Wannan gobe kuɗin mota ce da kwanan tasha. Ku ba shi kujera, ku yi masa Hausa, ku gaya masa takardun da sunka rage duka a lokaci guda.

Iyayena, ku yi mani gafara, ku ma da naku. Albashi sau ɗaya yake zuwa a wata, hannu ashirin na jiransa. Na san ma'aikatan da ba su barci daga 20 ga wata saboda bashi, suna kunyar faɗa muku, kuma rashin barcin nan shi ma tansiyo yake ɗagawa. In ɗanku ya ce bana ragon suna ya fi ƙarfinsa, ku karɓi abin da ya kawo ku sa masa albarka.

Ina roƙon shugaban ƙungiya, taro mai zuwa a gayyato ma'aikacin lafiya da abin awonsa, a auna kowa tun daga bakin ƙofa.