DAƁEN MASALLACI: JAWABIN KWAMITIN GINI A RANAR AZA HARSASHI



Mai Girma Hakimi, Dagaci da masu unguwanni, limamanmu da malamanmu, iyayenmu maza da mata, manyan baƙi, da sauran jama'ar Darmanawa da maƙwabtanmu na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, muna yi muku maraba, muna kuma gode wa Allah da Ya nuna mana wannan rana lafiya.

Bayan haka, kwamitin gini ya ɗora mana nauyin yi muku bayani a kan sashe ɗaya na wannan aiki, watau daɓen masallaci: yadda aka tsara shi, da abin da zai ci. Wataƙila wani zai ce ai yau harsashi aka zo azawa, me ya kawo zancen daɓe tun ba a ɗora bulo ko ɗaya ba? Amsa ita ce, tsayin daɓe daga ƙasa tare da harsashi ake yanke shi, haka kuma ciko da hanyoyin ruwa. Har ila yau, kowa a nan ya taɓa ganin masallacin da aka yi wa bango da rufi, kuɗi suka ƙare, jama'a suka shekara da shekaru suna shimfiɗa tabarmi a kan ƙura. Sau da yawa ba rowar jama'a ke jawo haka ba. An manta ne da daɓe a cikin ƙiyasi tun farko, alhali kuwa shi ne wurin da goshin mai salla ke taɓawa sau da yawa kowace rana.

Masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, a Madina, ginshiƙansa kututturen dabino ne, rufinsa ganyen dabino, daɓensa kuwa ƙasa. Ya tabbata cewa an yi ruwa a wani dare na watan Azumi, rufin ya yi yoyo, aka ga alamar ruwa da laka a goshinsa mai albarka bayan salla. Daga baya Sayyidina Usmanu ya sake ginin da sassaƙaƙƙun duwatsu a zamanin halifancinsa. Abin da muka fahimta a nan shi ne, salla ba ta jiran tayil, amma kyautata wurin salla gwargwadon hali aikin magabata ne. A ƙasar Hausa ma kakanninmu suna da nasu ilmin daɓe. Akan zuba tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwa, mata su taru da madaɓai su yi ta bugu har ƙasa ta kwanta, sa'an nan a shafe da ruwan makuba wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Kayan aiki sun sake, amma ƙa'idar tana nan: daɓe ba ya fin abin da ke ƙarƙashinsa ƙarfi.

To, ƙiyasi daga awo yake farawa. Bisa zanen da kwamiti ya amince da shi, zauren salla zai kasance mita 24 ta bangon alƙibla, mita 18 daga gaba zuwa baya, watau murabba'in mita 432. Mai salla ɗaya yana bukatar faɗin santimita 60 da tsawon santimita 120 domin ya yi sujada ba tare da ya taɓa ƙafar na gabansa ba. Ke nan zauren zai ɗauki sahu 15, kowane sahu mutum 40, jimla mutum 600, in ba a cire gurbin ginshiƙai ba. Baranda da sashen mata da wurin alwala kowanne yana da nasa awon dabam, kuma da wannan hanya aka lissafa su.

Daɓen hawa huɗu ne. Na farko ciko. Mun tsai da shawara a cike santimita 45 da jar ƙasa, domin zauren ya ɗara titi tsayi, kada ruwan Agusta ya sami hanyar shiga. Wannan zai ci kimanin mita 194 na awon akwati, watau akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne. Ba za a juye ƙasar a tashi ɗaya ba. Za a zuba ta sau uku, santimita 15 kowane zubi, a jiƙa, a danne da inji, kafin a ƙara wani. Mun kuma ƙi yarda a yi ciko da shara ko baƙar ƙasar juji ko da kyauta aka kawo, domin irin wannan ƙasa takan ruɓe ta sauka, kankare ya tsage, tayil ya biyo shi. Tifa kuwa ba girmansu ɗaya ba, saboda haka za a auna bayan kowace mota kafin a yi ciniki.

Hawa na biyu maganin gara da leda mai kauri, wadda ke hana danshin ƙasa hawowa ya ɓata darduma. Kuɗinsu kaɗan ne, amma in aka tsallake su ba a iya komawa sai an fasa daɓen duka.

Hawa na uku kankare, kaurin santimita 10, da ragar ƙarfe a ciki. Wannan ya kama mita 43 da ɗoriya na awon akwati. Haɗin da injiniya ya ba mu shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kuma a irin wannan haɗi kowace mita ɗaya takan ci kimanin buhu 6 mai kilo 50. Ke nan buhu 260, da yashi wajen mita 19, da tsakuwa wajen mita 39. Bayan an zuba, lalle ne a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, domin kankare ba ya cika ƙarfinsa sai ya kai kwana 28, kuma iskar hunturu da ranar bazara irin ta Kano sukan busar da shi tun bai kama ba. Ruwan nan sayensa za a yi, don haka mun sa shi a cikin lissafi.

Hawa na huɗu shi ne wanda ido zai gani. Kwamiti ya duba abu huɗu. Siminti zalla ya fi araha, amma yana tashin ƙura yana kuma tsagewa. Tarazo, wanda aka yi wa gine-ginen gwamnati da yawa a da, yana da ƙarko ƙwarai, sai dai yana bukatar injin goge da ƙwararrun da ba su da yawa. Dutsen mabul kuwa, alhazanmu sun taka irinsa a filin ɗawafi, farin dutsen da aka kawo daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka wanda ba ya ɗaukar zafin rana, amma wannan ya fi ƙarfin aljihunmu. Saboda haka muka tsaya a kan tayil mai santimita 60 kowace kusurwa. Dalilinmu na lissafi ne: tayil biyu daidai suke da gurbin mutum ɗaya, kuma layinsu da kansa zai daidaita sahu. Amma wannan ba zai yiwu ba sai an jera su daidai da alƙibla, wadda daga Kano take kusan digiri 68 daga arewa, watau gabas mai karkata arewa. Shi ya sa aka auna alƙibla kafin a ja igiyar harsashin da kuka gani yau.

Zauren zai ci tayil 1,200. Kwali ɗaya na wannan girma yakan ɗauki guda 4, watau kwali 300. Mun ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa da ajiyar gyaran gaba, ya zama kwali 330. Kwaɓin da za a ɗora su a kai zai ci kimanin buhu 100, da buhu 10 na ko-ta-kwana. Jimlar simintin daɓen zaure ke nan buhu 370. A wurin alwala da matakala kuwa ba za a sa tayil mai santsi ba, ko da ya fi kyaun gani, domin tsofaffinmu da ke fitowa sallar Asuba da jiƙaƙƙun ƙafafu. Za a kuma karkata daɓen wurin kaɗan, ruwa ya gangara magudana.

Za ku lura cewa mun ambaci buhu da kwali, ba mu ambaci naira ba. Da gangan muka yi. Duk wanda ya yi gini ya tuna abin da ya biyo bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, da sakin darajar naira a watan Yuni na wannan shekara. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a kasuwanni da dama, ƙiyasin da aka rubuta wata shida kafin nan ya zama takardar banza. Simintin da ke zuwa mana daga Obajana ko Sakkwato ko Ashaka a mota yake zuwa, kuɗin mai yana cikin farashinsa. Amma buhu 370 buhu 370 ne kowace shekara. Saboda haka muke roƙon a yi alkawari da kaya. Sahu ɗaya ya tashi kwali 22 da buhu 25. Gurbin mutum ɗaya kuwa tayil biyu ne da abin da ya ɗara rabin buhu kaɗan. Mai hali ya ɗauki sahu, gida ɗaya su haɗu su ɗauki rabi, ɗalibi da mai ƙaramin ƙarfi su ɗauki gurbin mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna roƙo dai kada a kawo siminti tun yanzu, domin in ya daɗe a ajiye, ƙasa da wata uku ma in akwai danshi, yakan daskare ya rage ƙarfi. A rubuta alkawari, kwamiti zai sanar da lokacin kawowa. Tayil kuwa a tashi ɗaya za a saye shi, domin ko kamfani ɗaya ne, fitowar yau da ta wata uku masu zuwa sukan bambanta a launi. Wanda ya yi niyyar tayil ya ba da kuɗin adadin kwalayensa bisa farashin ranar saye.

Game da amana kuwa, ga abin da muka ɗaure kanmu da shi a gabanku. Ba za a sayi kome ba sai an kawo farashi daga shaguna uku, a Ƙofar Ruwa ko wata kasuwa. Ba za a fitar da kuɗi ba sai da sa hannun mutum biyu. Magini da mai sa tayil za a yi ciniki da su a rubuce bisa murabba'in mita, a biya su kashi-kashi bayan an auna abin da suka gama, a riƙe wani abu har sai an ƙwanƙwasa tayil an tabbata babu mai rami a ƙarƙashinsa. Ba lalle ne mu ɗauki wanda ya fi sauƙin farashi ba, domin araha ba ta ado. Za mu je mu ga aikin da ya yi a baya. An kuma ware kashi 10 cikin 100 na dukkan ƙiyasi domin abin da ba a zata ba, in ya ragu ya tafi ga darduma. Kowane ƙarshen wata za a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a kuma liƙa shi a inda kowa zai gani.

Daga ƙarshe, muna gode wa wanda ya ba da fili, da waɗanda suka riga suka ba da nasu a ɓoye da a sarari, da matasan unguwa da suka ɗauki alkawarin ba kankare ruwa safe da yamma. Littafin alkawari yana hannun ma'aji a bakin rumfa. Allah Ya karɓa daga gare mu da ku, Ya ji ƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya nuna mana ranar da za mu jeru sahu-sahu a kan wannan daɓe, Ya kuma zaunar da Jihar Kano da ƙasarmu lafiya, amin.